Gina Asibitin Haƙori a Awe: Kujera Ce Ke Tsara Ginin

Ɗan kasuwar da ke son zuba jari a asibitin haƙori a garin Awe, cikin Jihar Nasarawa, yakan fara da neman fili da magini. Wannan kuskure ne mai tsada. Abin da ya kamata ya fara samu shi ne likitan da Hukumar Rajistar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ta ba lasisi, sannan su zaɓi irin kujerar da za a saya.

Dalili kuwa shi ne, kujerar likitan haƙori na'ura ce mai bukatar ruwa da lantarki da matsattsiyar iska, da kuma bututun zuƙe yawu da jini. Duk waɗannan ta ƙarƙashin daɓe suke bi, kuma kowane kamfani da inda yake sanya mahaɗarsu. Wanda ya zuba kankare kafin ya ga zanen kujerarsa, to, zai biya magini sau biyu: na gini da na fasawa. Shi kuwa injin matsa iska, saboda ƙararsa, ɗan ɗaki ake yi masa a waje.

Batun ruwa ya fi kowanne nauyi a Awe. Garin ya yi suna da gishiri, kamar Keana da Azara, domin ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin yana da zartsi a wurare da dama. Irin wannan ruwa yana cin ƙarfe, yana toshe siraran bututun kujera, ita kuwa tukunyar turara kayan aiki tataccen ruwa kaɗai take so. Saboda haka a gwada ruwan rijiyar burtsatse tun kafin a biya kuɗin fili, a kuma sa kuɗin matata da tankin tara ruwan sama cikin kasafi. Fili mai araha da ruwan zartsi ba shi da araha.

Takardu ba su da wuyar fahimta. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka a nemi takardar mallaka a Lafia, tare da rajistar Ma'aikatar Lafiya ta jihar. Na'urar ɗaukar hoton haƙori kuwa sai da izinin Hukumar Kula da Nukiliya ta Nijeriya, wadda ke duba kaurin bangon ɗakin.

Dangane da kuɗi, bulo da yashi da naira ake sayensu, amma kujera daga waje take zuwa. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, wanda ya ajiye kuɗin na'ura har sai gini ya ƙare yana caca ne da farashin dala. Ga kuma janye tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, wanda ya sa lissafin janareta da na hasken rana ya sauya.

Yawancin masu zuwa manoman doya da shinkafa da riɗi ne, kuɗinsu kuwa da kaka yake shigowa. A ja bututun ɗakuna biyu tun yanzu, amma a sayi kujera ɗaya, a bar albashin wata shida a ajiye domin damina.