Tsohon famfo da lokacin ɗari

Ga hunturu ya kama. Yau darasinmu a kan tiyon ruwa ne da bakin famfo, musamman waɗanda suka daɗe a gida.

Can arewa, a ƙasar Abzin, akwai dutsen Bagazam. Tsayinsa ya fi mita 2000. A saman dutsen nan, wani lokaci ruwa yakan daskare da dare. In ruwa ya zama ƙanƙara sai ya kumbura, ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Idan a cikin tiyo yake, ba shi da wurin zuwa, sai ya tsaga tiyon. Shi ya sa a ƙasashen sanyi kamar Faransa ake binne tiyo da zurfi, wanda ke waje kuma a naɗe shi.

Mu nan Gidan Amumune, da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, ruwanmu ba ya daskarewa. Amma kada mu ce mun tsira. Da rana tiyo yana shan zafi, sai ya miƙe kaɗan. Da asuba sanyi ya kama shi, sai ya takure. Kullum haka, har mahaɗarsa ta saki. Iskar hunturu kuma tana busar da ƴar robar da ke cikin bakin famfo, ta tsattsage. Daga nan ɗiga ta fara.

Tsohon tiyon ƙarfe daga ciki yake tsatsa, inda ido ba ya gani. Tsatsa tana taruwa, hanyar ruwa tana ƙuntata. Alamarsa biyu: ruwa ya rage ƙarfi a gidanka alhali na maƙwabci yana zuwa sosai, ko kuma ruwan farko na safe ya fito ja. Irin wannan tiyo faci ba ya yi masa magani, sai canji. Tiyon roba ba ya tsatsa, amma rana ce abokiyar gabarsa. In an bar shi a fili yakan bushe, jaki ya taka shi ya fashe. A binne shi, a rufe da ƙasa.

Yanzu mu zo kan ɗiga, domin a nan kuɗi ke zubewa. Mutane da yawa sukan ce ai ɗigo ne kawai. To, ku gwada. Ku ajiye kwalba mai cin lita 1 a ƙarƙashin famfon. In ta cika cikin awa 1, a yini da kwana lita 24 ke nan, kusan jarka guda mai lita 25. A kwana 30, lita 720. Wannan ruwa an jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa da inji, kuma maigida zai biya kuɗinsa, ko an sha ko ba a sha ba. Matar da ta taɓa jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi ta san nauyin lita 720 fiye da kowa.

Akwai yoyon da ba a gani. Wanda ke da mitar ruwa a gida, ga dabara. Da dare a rufe kowane famfo, a rubuta lambar da ke jikin mitar. Da safe, kafin kowa ya ɗebi ruwa, a sake dubawa. In lamba ta motsa, ruwa yana zurara a wani wuri. Kun ga inda karatun lambobi ya yi rana. Sai a bi hanyar tiyo, a nemi inda ƙasa ke da danshi ko ciyawa ta yi kore cikin rani.

Abin da ya fi damuna shi ne tiyon da ke bin gindin bango. Gidajenmu na laka ne. Danshi yana cin gindin gini a hankali, bango ya yi laushi daga ƙasa, damina ta zo ta ƙarasa shi. Ɗakin kuwa a cikinsa yara ke kwana.

Sai batun lafiya. Tiyon da ya huje, in an ɗauke ruwa, yakan zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi. Ruwa ya dawo, ƙazantar ta biyo shi har randa. Mun tuna cutar amai da gudawa da ta kama mutane a Madarunfa da Maraɗi a 2018. Cutar nan ta ruwa mai ƙazanta take bi. Kada tiyo ya ratsa kusa da masai ko turken dabbobi. Ruwan da ke kwance gindin famfo kuma gidan sauro ne. A haƙa rami a gefe, a cika shi da tsakuwa, ruwan ya riƙa nutsewa.

Canjin ƴar roba ba wuya. A fara rufe ruwa daga wajen mita, a kwance kan famfo, a tafi kasuwa da tsohuwar robar don a samo daidai ita. Kada a murɗe famfo da ƙarfi, shi ke kashe sabuwa. Amma in babban tiyon gari ne ya fashe, ko famfon unguwa, kada kowa ya sa hannu. A gaya wa mai kula da ruwan gari, in bai zo ba a kai magana ofishin magajin gari.