Wa Ke Da Ikon Zaɓen Mai Dubiya?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka. An kwantar mana da mara lafiya da ya sauya jinsi, iyayensa na so mu hana abokan zamansa shiga. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki hana su. A Afrilun 2010 Shugaba Obama ya ba da umarni kan dubiya, ƙa'idar ta fara aiki a Janairun 2011: duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid dole ya bar majinyaci ya zaɓi masu duba shi, kuma ba a korar baƙo saboda jinsinsa ko addininsa. In majinyacin baligi ne kuma yana cikin hayyacinsa, maganarsa ce gaba da ta iyaye. Ki tambaye shi a keɓe, ki rubuta amsarsa a fayil.

Na san abin zai iya yi miki nauyi a zuci. Amma mutumin nan amana ne a hannunki, ciwo ya kawo shi. Ki kira shi da sunan da ya ba ki, ki rufa masa asiri. Iyayen kuwa, damuwa ce ke cin su. A lallashe su, a ware musu lokacinsu daban. In rigima ta taso, ki sanar da shugabar sashenku.