Idan Janwe Ya Ja Motarka a Birnin New York: Shawarwari 7

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya da ke zaune a Bronx da Harlem, mota ce gonarsu: wasu tasi, wasu kai kaya. Sai mutum ya ajiye mota a harabar wani kanti, ya tsallaka titi sallar Juma'a, ya fito ya tarar da fili wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Abin da za a riƙe shi ne, doka ta ɗaure masu janwe kamar yadda ta ɗaure direba, kuma takarda ce ke ƙwato haƙƙi a wurinsu.

1. Fara sanin wa ya ja motar. Masu ja iri uku ne: 'yan sanda, idan ka yi fakin inda aka hana, jami'an karɓar bashin birni, idan tarar da aka yanke maka ta haura dala 350 ba ka biya ba, sai kamfanoni masu zaman kansu da masu haraba ke kira. Kowanne da kuɗinsa da inda yake kai mota. Kira 311 ko ofishin 'yan sandan unguwar. Doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da 'yan sanda cikin minti 30 da isar mota garejinsa.

2. Ɗauki hoton wurin kafin ka bar shi. Ba a yarda a ja mota daga harabar wani ba sai akwai allon gargaɗi a fili, ɗauke da sunan kamfanin janwen da lambar wayarsa da kuɗin da ake caji. Haka kuma sai mai harabar ko wakilinsa ya ba da izini a rubuce. Ɗauki ƙofar shiga da gurbin da ka tsaya da allon. In babu allo, ko ya koɗe, ko bishiya ta rufe shi, hotonka shi ne shaidarka, domin washegari kana iya tarar da sabon allo yana ƙyalli.

3. In ka cimma su ba su tafi ba, dole su sauke ta. Wannan ne haƙƙin da aka fi tauyewa, saboda mutane ba su san da shi ba. Ko da an riga an ɗaura motar, muddin ba a fita da ita daga harabar ba, direban janwe zai kwance ta idan ka biya abin da bai wuce rabin kuɗin ja ba, wato dala 62.50. Zai ce maka, "An riga an ɗaura, sai dai mu haɗu a gareji." Ka natsu, ka ce za ka biya kuɗin saukewa, ya ba ka rasit. Kada ka tare gaban mota, kada ka kama rigar kowa. Ɗauki lambar janwen, ka kira 'yan sanda in ya ƙi. Kuma ba a jan motar da akwai mutum a cikinta.

4. San farashi kafin ka buɗe walat. Daga harabar masu zaman kansu, iyakar kuɗin ja dala 125 ne, har da ajiyar kwana uku na farko. Bayan nan kowace rana ba za ta wuce dala 15 ba. A wurin 'yan sanda kuwa kuɗin jan ƙaramar mota dala 185 ne, kowane dare kuma dala 20, ban da tarar fakin ɗin. Duk wani ƙari mai baƙon suna, ka ce a rubuta shi a rasit. Idan kamfani ya ce shi tsabar kuɗi kawai yake karɓa, ya saɓa ƙa'ida, domin an wajabta masa karɓar katin bashi na banki.

5. Je da wuri, da takardunka a hannu. Jinkiri ƙarin kuɗi ne, motar da aka yi watsi da ita kuma daga ƙarshe gwanjo ake yi da ita. Tafi da lasin tuƙi da takardar rajistar mota da ta inshora. Yawancinmu a aljihun gaban mota muke barinsu, shi ya sa yake da kyau uwargida da maigida kowa ya ajiye hotonsu a waya tun yau.

6. Duba motar kafin ka sa hannu. Kana da ikon zagaya ta kafin ka karɓa. Leƙa ƙarƙashin bamba, inda ƙarfen janwe ke kamawa, ka duba tayoyi da madubai da kayan ciki. Ba su da hurumin tilasta maka sa hannu a takardar da ke wanke su daga ɓarnar da suka yi. In ka ga kwarzane, ɗauki hoto a nan cikin garejin. Da zarar ka fita ƙofa, cewa za su yi da shi ka zo.

7. Biya, ka karɓi rasit, sannan ka kai ƙara. Tsayawa cacar baki a taga ba ya rage ko sisi, kuɗin ajiya ne ma ke ta hauhawa. Hukumar kare haƙƙin masu saye da ma'aikata ta birnin, DCWP, ita ke ba kamfanonin janwe lasisi, ita ke karɓar ƙorafi a kansu ta 311 ko ta intanet. Haɗa rasit da hotuna da lambar lasisin kamfanin. Idan 'yan sanda ne suka ja, kana da kwana 30 ka ƙalubalanci takardar tarar a sashen kuɗi na birni; in aka soke ta, sai ka nemi a mayar maka da kuɗin ja.

Kowace jiha a Amurka da nata dokokin da farashinta. Mai shirin ƙetarawa New Jersey ko Connecticut da mota, ya tambayi na can tun kafin ya kashe inji a harabar wani.