Dakashi da Tarin Maruƙa

Idan hunturu ya shigo Ɗankaza, masu shanu sukan fara jin maruƙa suna tari. Hanci yana yoyo, ido yana hawaye, numfashi yana fita da sauri. Sau da yawa abin da ke kawo wannan wata ƙwayar cuta ce mai suna bairos. Ido ba ya ganinta. Tana bin numfashi da majina daga dabba zuwa dabba.

Jikin ɗan maraƙi ba ya zama haka kawai. A cikin maƙogwaronsa akwai 'yan gasu ƙanana da ke share ƙura da majina su turo su waje. Bairos yakan fara lalata waɗannan. Daga nan jiki ya ɗauki zafi, fararen ƙwayoyin jini su taru a huhu su kashe wuraren da cutar ta kama. Amma kafin jiki ya haɗa garkuwar da ta dace da wannan cuta, sai an yi mako ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin maraƙi ba lallai ya kai ba.

A nan dakashi yake da rana. Jaririn mutum yana samun garkuwa tun yana ciki. Saniya kuwa ba ta ba ɗanta ta mahaifa. An haife shi ba shi da ita, sai abin da ya tsotsa a nonon farko, mai kauri, mai launin rawaya. Hanjinsa yana karɓar wannan garkuwa sosai a awa 6 na farko. Bayan awa 24 ƙofar ta kusa rufewa. Don haka wanda ya tatse dakashi ya kai gida, ko ya bar maraƙi ya kwana bai sha ba, ya cuce shi ƙwarai. Idan maraƙin ya kasa tsayawa, a tatsa a ba shi da hannu, a hankali.

Garkuwar uwa aro ce. Bayan 'yan watanni tana raguwa, tasa kuma ba ta gama ƙarfi ba. A wannan tsakani ake yawan asara.

Cutar kuma tana iya shigowa garke ta kasuwa. Kowace Juma'a shanu daga garuruwa masu nisa suna haɗuwa a karar Wudil. Tafiya, yunwa da cunkoso suna raunana jiki. Wanda ya sayo sabuwar dabba ya ɗaure ta a wani turke daban har mako uku.

Allurar taramasin ba ta kashe bairos. Aikinta yana kan wasu ƙwayoyin da ke biyo baya idan huhu ya riga ya ji rauni. Kuma akwai ciwon huhu na shanu, wanda cuta ce daban, da ake haɗa allurar rigakafinsa a cibiyar Vom da ke Jihar Filato. Malamin dabbobi ne zai bambance su. Idan maraƙi ya ƙi nono, ko zafin jikinsa ya kai 40 a ma'auni, a ware shi, a kāre shi daga iska, a ba shi ruwa, a kira malamin a ranar.