Yaranmu da Darasin Rana: Kira ga Malamai da Iyaye

Ni malama ce a rauda, makarantar ƙananan yara, a nan Damazin. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin hotunan da muke liƙawa a bango suna nuna ƙanƙara ta narke, furanni sun buɗe, yara suna murnar dawowar rana. Wannan yanayin Turai ne. Yaron da aka haifa a bakin kogin Nil Azrak bai taɓa jiran rana ta dawo ba, ruwan sama yake jira. Idan muka sa shi haddar abin da idonsa bai gani ba, sai ya ɗauka karatu daban, rayuwa daban.

Shekararmu tana da nata tsari. Damina takan kankama daga Yuni zuwa Oktoba, kogi ya cika ya batse a watan Agusta. Sai kaka, a yanke riɗi, a bi da dawa. Sai sanyin Disamba da Janairu, sannan zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura 40. Kowanne darasi ne, kuma ba ya cin ko sisi, abin da ya dace da halin da makarantu suka shiga tun ɓarkewar yaƙi a 2023.

Ga abin da muke yi. Mukan kafa sanda a tsakiyar fili. Da safe yara su aza tsakuwa a ƙarshen inuwarta, da hantsi su ƙara wata. Sai ka ga yaro ɗan shekara biyar ya durƙusa yana auna tazarar da tafin hannunsa, yana tambaya, "Malama, wa ya janye ta?" A garinmu rana takan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. A ranakun nan inuwar sanda takan ɓace da tsakar rana. Daga nan ake nuna musu yadda kakanninsu suke gane azahar da la'asar ba tare da agogo ba.

Haka nan mukan shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kwali a rufe. Bayan kwanaki, na cikin duhu zai fito dogo, siriri, rawaya, na bakin taga kuwa kore shar. Su da kansu za su faɗi dalili. Shanyar kuɓewa a kan tabarma ita ma darasi ce da kowace uwa za ta iya bayarwa a tsakar gida.

Sai dai a kiyaye. Kada a bar yaro ya ƙura wa rana ido ko na ɗan lokaci, domin tana lalata gani. A watannin zafi a yi aikin waje da sanyin safiya, auna inuwar tsakar rana kada ya wuce 'yan mintuna, a koma gindin bishiya, ruwan sha yana kusa.

'Yan'uwana malamai na Damazin, Rusairis, Maiwurno da ƙauyukanmu na Jazira, mu fitar da yaran nan daga aji su ga duniyar da Allah Ya shimfiɗa musu. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da tambaya a kan rana ko inuwa, don Allah ku zauna ku amsa masa.