Hannun Mota Ba Ya Karyewa Rana Ɗaya

Jama'a, yau za mu karanta labarin wata sana'a mai hatsari, watau sare rassan itatuwa a ƙasar Amurka. A can akwai manyan itatuwa a bakin titi, rassansu kuwa su kan taɓa wayoyin lantarki da rufin gidaje. Saboda haka akwai mutanen da ba su da wani aiki sai rage rassan nan.

Waɗansu da igiya su ke hawa. Amma da yawa mota ce ke ɗaga su. Motar tana da dogon hannu a bayanta, mai gwiwa kamar ta mutum, a ƙarshensa kuma akwai kwando. Ma'aikaci ya shiga kwandon da zartonsa mai inji, hannun ya miƙe da shi sama, ƙafa 50 ko 60. Wataƙila waɗansunku sun ga irinta a birni, ana gyaran fitilun titi da ita.

To, ku lura da yadda aka ƙera hannun. Gindinsa na ƙarfe ne. Samansa kuwa an yi shi da zaren gilashi da aka daskarar da wani irin ƙaro, domin wutar lantarki ba ta bin sa. Mai ne ke ɗaga shi, ana tura man da ƙarfi ta cikin tiyo. A cikin hannun kuma akwai igiyar ƙarfe ko sarƙa, ita ke riƙe kwandon daidai. In ta tsinke, kwando ya kife kamar ƙwarya, ya zubar da wanda ke ciki.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun ji. Amma hannun nan ba ya karyewa rana ɗaya. Tsaga ce ƙarama ta kan fara, a wurin walda ko kusa da ƙusar da ta haɗa gwiwa. Kullum hannun ya hau ya sauka, tsagar tana ƙaruwa, fenti da giris da garin katako sun rufe ta. Ta kan yi watanni tana jiran mai dubawa. In ba a samu ba, ran nan sai a ji ƙara.

Me ke kawo tsagar? Galibi aikin ganganci ne. An ƙera hannun don ya ɗauki mutum da kayan aikinsa, a yawancin motoci nauyin da bai wuce laba 300 zuwa 400 ba, kuma an rubuta adadin a jikin motar. Sai ma'aikaci ya ga ƙaton reshe, ya ƙi jiran injin ɗaga kaya, ya ɗaure shi a hannun. Wani ya sa kwandon ya ture itace da shi. Wani ya sari gungume ya faɗo a kan hannun, ya duba sama-sama, ya ce ba kome. Har direba yana da nasa laifi. In ya tashi mota bai kwantar da hannun a mazauninsa ya ɗaure ba, kowane rami ya faɗa hannun ya sha jijjiga. A ganinmu mai gungumen nan ya fi kowa laifi, gama ya gani ya yi shiru, gobe kuwa ɗan'uwansa ne zai hau.

Dokokin sana'ar nan wata uwa ce ta jawo su. Sunanta Ethel Hugg, a jihar New York. Ɗanta ya mutu wajen sare rassa. Ba ta tsaya ga kuka ba, ta yi ta rubuta wa hukumomi takarda. A 1968 aka kafa kwamiti, a 1972 aka fitar da ƙa'idodin da a ke kira Z133. Akwai kuma hukumar tsare lafiyar ma'aikata, OSHA, wadda ta fara aiki a 1971.

Dokar hukumar ta ce a gwada linzaman hannun kowace rana kafin a fara aiki. A ja birki, a kafa ƙafafun ƙarfen motar a wuri mai tauri, in gangara ce a sa waigi. Ma'aikaci ya tsaya a ƙasan kwando, kada ya zauna a bakinsa. Ya sa ɗamara, ya ɗaure igiyarta a kwandon ko a hannun, ba a jikin itacen ba. Wanda ba a hore shi ga aikin kusa da lantarki ba, kada ya matsi waya, ya bar aƙalla ƙafa 10 tsakaninsu. Ƙa'idodin sana'ar kuma sun ce sau ɗaya a shekara gwani ya binciki hannun duka, ya gwada ko har yanzu yana tare wuta.

Duban safe ba shi da wuya. A goge hannun tukuna, domin ba a ganin tsaga cikin dauɗa. A bi walda da ƙusoshi da ido, a duba ƙasa ko mai ya ɗiga. Sa'an nan a ɗaga kwandon ba kowa ciki, da linzaman da ke gindin mota, a kasa kunne. Linzaman gindin nan sun fi na kwando iko, da su a ke sauko da mutum in ya suma a sama, don haka lalle na ƙasa ya iya su. In an ga tsaga, ko an ji baƙuwar ƙara, a kashe mota, a gaya wa helma, a rataya mata alama. Ba mai hawa sai makaniki ya gama da ita.