Ɗaurin Farar Wuta a Jikin Furotin

Wata ɗaliba ce daga Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa, ta aiko tana tambaya: me ke sa furotin ya naɗe daidai, kuma ina ruwan wannan da ciwon suga?

To, malama, furotin dai dogon zare ne na ƙwayoyi a jere lokacin da ƙwayar halitta ta ƙera shi, ba ya aiki sai ya naɗe. A wasu gurabe na zaren akwai sinadarin farar wuta. Idan biyu suka haɗu, sai su ɗaure, kamar maɓalli da ramin riga. Akwai wani inzayim da ake kira PDI, aikinsa ɗaura maɓallan nan, in kuma an saka su a karkace, ya ɓalle ya sake sakawa. A ɗakin binciken Christian Anfinsen na Amurka aka gano aikin PDI a 1963, shi kuwa ya samu kyautar Nobel a 1972.

Ɗauki insulin, furotin da ke daidaita suga a jini. Zare biyu ne, ɗaya mai ƙwaya 21, ɗaya mai 30, ɗauri biyu ke haɗa su, na uku kuma yana cikin mai 21 ɗin. In gado ya ɓata ɗauri ɗaya tak, gurɓataccen insulin kan taru ya galabaitar da ƙwayoyin halittar da ke yin sa, har jariri ya kamu da suga. Amma fa ba kasafai ba. Yawancin masu suga ba wannan ne dalilinsu ba.

Zafi ma yana warware naɗin. Don haka a zafin garin Lafiya, mai allurar insulin ya ajiye ta a firji, in babu wuta ya nemi randar ƙasa mai sanyi.